Abin da ya bambanta tsofaffin taraktoci a inji da akwatin giya

Ka tambaya, Malam, ko akwai bambanci na gaske tsakanin tsofaffin taraktocin da suka biyo juna daga kamfani ɗaya, irin su Ford 9N da 8N da Jubilee, ko Ferguson TE20 da 35 da 135, tunda a ido kusan siffarsu ɗaya, ko kuwa fenti kawai ake sauyawa a ƙara ɗan ƙarfin doki a kan takarda. Bambanci akwai shi, kuma babba ne, sai dai ba a inda yawancin mutane suke nemansa yake ba. Mai duba tarakta yakan fara da tambayar ƙarfin injinta, alhali a ganina ƙarfin inji shi ne abin da ya fi sauƙin ƙarawa cikin shekaru kusan hamsin da suka raba Fordson ta 1917 da taraktocin tsakiyar shekarun 1960. Abin da ya ba injiniyoyi wuya, wanda kuma ya raba tarakta mai daɗin aiki da mai gallaza wa direbanta, shi ne hanyar da ƙarfin yake bi daga inji zuwa tayoyin baya, da zuwa shaftin baya mai juya kayan aiki wanda aka fi sani da PTO, da zuwa famfon da ke ɗaga garma, da kuma ko waɗannan ukun kowa yana iya aikinsa shi kaɗai ko kuwa tsayawar ɗaya tsayawar duka ce.

Ya kamata a fara da Fordson samfurin F, domin daga gare ta ne siffar da muka sani a yau ta bazu. Kafin ita, yawancin taraktoci a kan dogayen ƙarafan shasi ake gina su, a ɗora inji a kai, a bar manyan giyoyi da sarƙoƙi a waje suna cin ƙura da yashi, shi ya sa haƙoransu ba sa daɗewa. Kamfanin Wallis ya riga ya gwada rufe komai cikin akwati ɗaya na ƙarfe tun 1913, amma Henry Ford ne ya mayar da dabarar abin kowa: gangar inji da akwatin giya da gidan aksil na baya, duk na zubin ƙarfe, aka ɗaure su da noti suka zama su ne ƙashin bayan taraktar, babu wani shasi daban. Giya ta koma cikin mai, ƙura ta daina shiga, nauyi ya ragu, kuɗin ƙira ya faɗi, kuma har yau haka ake gina yawancin taraktoci. Sauran abubuwan da ke cikinta kuwa duk na farkon zamani ne. Injinta mai silinda huɗu, mai girman kusan lita 4.1, doki 20 kacal yake bayarwa a juyi 1,000 cikin minti. Babu famfon bakin mai sai fantsama. Babu famfon ruwa, ruwan zafi ne ke hawa sama da kansa mai sanyi ya sauko. Babu gwamna, wato na'urar da ke daidaita juyin inji da kanta, daga masana'anta, direba ne ke bin totur da hannu duk lokacin da ƙasa ta yi tauri ko ta yi laushi. A baya kuma, wani dogon ƙarfe mai zare irin na noti ne yake murza babbar giyar aksil. Tsarin yana rage gudu sosai a mataki ɗaya kuma yana da arhar ƙira, amma goga yake yi ba mirgina ba, don haka wani kaso na ƙarfin injin zafi yake komawa tun bai kai ƙasa ba. Da aka zo yin Fordson E27N a Ingila a 1945, injin da asalinsa na 1917 ne aka bari a ciki da 'yan gyare-gyare, amma aka cire wannan mai zaren aka sa giyoyi masu haɗa haƙori, aka sauya kuloci, sai ga ta tana jan garma mai baki uku.

Akwai hujja mai sauƙi a lambobin da taraktocin wancan lokaci suke ɗauke da su. A McCormick-Deering 10-20 da 15-30, lambar farko ƙarfin da take ja da shi ne a ƙugiyar baya, ta biyu kuwa ƙarfin da take bayarwa a fulin bel tana tsaye. Ko da yake kamfanoni sukan rage lambar farko don taka-tsantsan, abin da take nunawa a fili yake, wato kusan rabin ƙarfin injin yana salwanta tsakanin karanshaf da ƙasa, wani a gogayyar giya, mafi yawa kuma a wahalar cusa ƙafafun ƙarfe masu haƙora cikin ƙasa da zare su. Jihar Nebraska ta Amurka ta kafa doka a 1919 cewa duk taraktar da za a sayar a cikinta sai jami'ar jihar ta gwada ta, aka fara da Waterloo Boy a 1920, kuma albarkacin wannan gwaji ne ake iya kwatanta samfura da ma'auni ɗaya. In ka bi sakamakon zuwa farkon shekarun 1960, za ka tarar da John Deere 4010 mai dizal tana ba da doki kusan 84 a shaftin baya, tana kuma jan fiye da 70 a ƙugiya. Asarar da ta kai rabi ta dawo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, kuma inji ba shi da hannu a wannan riba.

Taya ce ta kawo kaso mafi tsoka. A 1932 Allis-Chalmers da Firestone suka sa wa samfurin U tayoyin roba masu iska kaɗan, kafin 1940 kuma yawancin sababbin taraktoci a Amurka kan roba suke fitowa. Wannan ya tilasta a sake lissafin akwatin giya gaba ɗaya, domin giya uku na da an yi su ne daidai da tafiyar dokin noma, ita kuwa roba ta fi ba da riba in ana jan kaya marar nauyi sosai da ɗan sauri. Daga nan aka samu giya ta huɗu da ta biyar don hanya, aka kuma ga dole a gyara birki, a zuba ruwa cikin taya ko a rataya ƙarfe don kada ta riƙa santsi.

A ɓangaren inji, abin da ya fi tasiri ba yawan silinda ba ne, man da ake ƙonawa ne da yadda ake matse shi. Taraktocin shekarun 1920 da farkon 1930 kananzir suke sha ko wani mai mai kama da shi saboda arharsa, shi kuwa kananzir ba ya jure matsi. Da an matse shi da yawa sai ya fashe gaba ɗaya maimakon ya ci a hankali, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Dole aka tsayar da matsin a wajen 4 bisa 1, wato fistin ya tura cakuɗin iska da mai cikin rubu'in wurin da ya cika da farko, kuma inji mai ƙarancin matsi haka ba ya tatso abin kirki daga kowace lita. Ga kuma ɗawainiya: tanki biyu, ƙarami na fetur don tayarwa, babba na kananzir da ake juyawa gare shi bayan inji ya ɗau zafi, bututun shigar mai an manna shi da na hayaƙi don zafin ya mayar da kananzir tururi, labule a gaban lagireto don kada injin ya huce. In aka bar ta tana aiki marar nauyi har ta yi sanyi, kananzir ɗin da bai ƙone ba sai ya zurara ta gefen ringi ya tsinka bakin mai, daga nan boris da silinda su fara cinyewa. Oliver 70 ta 1935 tana cikin na farko da suka juya wa wannan baya, da inji mai silinda shida da aka ƙera don fetur mai oktan 70 da matsi mai yawa. Da fetur ya ƙara inganta, sai ka ga kamfani ya ɗauki gangar inji ɗaya, ya sauya fistin da kan silinda kawai, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an ƙara girma ba. Saboda haka in ka ga samfura biyu masu girman inji ɗaya amma ƙarfinsu ya bambanta, fara da tambayar wane mai aka yi kowannensu dominsa.

Sai kuma wurin zaman bawul. Fordson da 9N da 8N duk bawul ɗinsu a gefen silinda suke, kan injin faranti ne kawai shimfiɗaɗɗe. Irin wannan inji yana da sauƙin gyara, amma iska sai ta yi kwana kafin ta shiga, ɗakin ƙonewar ya baje, zafi ya taru kusa da bawul ɗin hayaƙi, kuma akwai iyakar matsin da za a kai kafin hanyar iskar ta ƙuntata. Da aka mayar da bawul saman fistin, numfashin inji ya buɗe. International Harvester da John Deere sun daɗe da wannan, Ford ne ya makara har 1953 a ƙananan taraktocinsa na Amurka. Tare da shi aka samu tarin ƙananan gyare-gyare da ba sa fitowa a talla amma su suka tsawaita ran inji: famfon da ke tura bakin mai da ƙarfi zuwa kowane boris na karanshaf, matatar mai, matatar iska mai wankan mai, famfon ruwa, da silif da ake zurawa cikin silinda a zare shi in ya cinye maimakon a gundure gangar duka, abin da 15-30 ta zo da shi tun 1921. Su ne suka ba da damar a ƙara saurin juyi ba tare da inji ya watse ba, har Massey Ferguson 135 ta 1964 ta iya fitar da doki 45 daga lita 2.5 a juyi 2,250, fiye da ninkin abin da Fordson ta samu daga lita 4.1.

John Deere ya bi wata hanya dabam har kusan shekaru arba'in, kuma ban yarda da masu kiran ta ci baya ba. Tun daga samfurin D ta 1923, manyan silinda biyu ne a kwance, karanshaf kuma a gicciye. Da yake karanshaf yana juyi ta fuskar da tayoyi suke juyawa, ba a bukatar giyar da za ta karya ƙarfin kwana, kulocin kuma na hannu ne a cikin fulin bel a gefe, ana daidaita shi cikin 'yan mintoci ba sai an raba tarakta biyu ba. Samfurin 720 mai dizal ma ya kafa tarihin tattalin mai a gwajin Nebraska wanda ya yi shekaru masu yawa ba a karya ba. Iyakarsa ita ce duk ƙarin ƙarfi sai an ƙara girman fistin, girgiza ta ƙaru, injin ya rasa wurin faɗaɗa tsakanin tayoyi, shi ya sa a 1960 kamfanin ya koma silinda huɗu da shida.

Dizal kuwa kowa ya san ribarsa tun da wuri, matsalarsa tayarwa ce, domin batir mai bolt 6 ba ya iya murza injin da matsinsa ya kai 16 bisa 1. A Jamus, Lanz Bulldog da ta fara fitowa a 1921 ta kauce wa matsalar da inji mai silinda ɗaya mai ƙona ɗanyen mai: direba ya kunna fitilar hura wuta a ƙarƙashin ƙoƙon da ke gaban silinda har ya yi zafi sosai, ya zare sitiyari ya cusa shi a bakin karanshaf ya jijjiga har ta kama, sannan ya duba ko gaba take juyi ko baya, don tana iya kamawa ta kowace fuska. International Harvester ya yi amfani da wata dabara a Farmall MD ta 1941, inji ɗaya mai kafireto da filogi a gefe guda, famfon dizal a ɗaya gefen. Ka ja wani hannu, bawul na uku a kowace silinda ya buɗe wani ƙaramin ɗaki mai filogi a ciki, matsi ya sauka, ta tashi da fetur tana ƙara a hankali. Bayan kamar minti guda ka mayar da hannun ka buɗe totur ɗin dizal, bawul ɗin su rufe, fetur da wuta su yanke, sai ka ji muryar injin ta sauya ta yi kauri, hayaƙi ya turnuƙe ya washe. John Deere R ta 1949 ƙaramin injin fetur na musamman aka ɗora mata don ya murza babban ya kuma ɗumama shi. Duk waɗannan sun kau ne da zuwan batir mai bolt 12 da sitata mai ƙarfi, da famfon dizal mai juyi wanda ya fi na jere arha. Sabuwar Fordson Major ta 1952, wadda aka ƙera gangarta ɗaya don fetur da kananzir da dizal, ita ta nuna cewa dizal mai tashi da maɓalli zai iya zama na manomi talaka, daga baya kuma turbo ya shigo da Allis-Chalmers D19 a 1961.

Yanzu mu zo kan jerin Ford da ka ambata. 9N ta 1939 ta fito ne daga yarjejeniyar baka tsakanin Henry Ford da Harry Ferguson, Ford ya kawo inji da masana'anta, Ferguson ya kawo tsarin rataya garma a wuri uku da haidirolik mai jin nauyin ja. Injin mai lita 2 ne, ya ari fistin da bawul daga injin V8 na motocin kamfanin, yana ba da doki 23 a bel. Ƙarami ne, amma da yake garmar a jikin taraktar take rataye, turjiyar ƙasa tana danna tayoyin baya, sai ga tarakta marar nauyi tana jan garma mai baki biyu, kuma haɗarin ta ɗaga gaba ta kife kan direba in garma ta ci karo da dutse, wanda ya ɓata wa Fordson suna, ya ragu ƙwarai. 2N ta 1942 ba ci gaba ba ce, 9N ce ta zamanin yaƙi, har wasu da ƙafafun ƙarfe da magineto, na'urar da ke ba filogi wuta da kanta, aka fitar da su babu batir, saboda ƙarancin roba da jan ƙarfe. 8N ta 1947 ce ta kawo gyara na gaske: giya huɗu maimakon uku, masu karkatattun haƙora da ke sarƙe da juna kullum, sun fi shiru da sauƙin shiga, an ɗan ƙara matsin inji har ƙarfi ya kai wajen 27 a ƙarshen zamaninta, an mayar da birki biyu gefen dama, domin a 9N na hagu yana gefe ɗaya da kuloci, an kuma ba haidirolik ikon riƙe kayan aiki a tsayin da aka zaɓa. Duk da haka giyarta ta ɗaya tana da sauri fiye da yadda wasu ayyuka suke so, shi ya sa za ka ga da yawa an ƙara musu ƙaramin akwatin giya na Sherman, wanda shi ma yana da aibi, don in ya rage gudun tarakta yana rage juyin PTO tare da shi.

Wannan aibin ya kai mu ga abin da nake ganin shi ne mafi girman bambanci a duk labarin. A 9N da 2N da 8N da TE20, hanya ɗaya ce tak ƙarfi yake fita daga inji, ta kuloci ɗaya zuwa akwatin giya, daga cikin akwatin ne PTO yake samun juyi, famfon haidirolik kuma da shaftin PTO yake aiki. Ma'anar wannan a gona ita ce da ka taka kuloci, tayoyi da PTO da famfo duk sun rabu da inji lokaci ɗaya. Garma ta kafe a saiwa, kana so ka ɗaga ta: sai ka taka kuloci, ka cire giya, ka saki kuloci don famfo ya tashi, ka jira ta ɗagu, ka sake takawa, ka mayar da giya. Injin ɗaure ciyawa ya cika ya fara shaƙewa, kana so ka tsaya ya haɗiye abin da ke bakinsa, amma tsayawarka tsayawarsa ce, sai ka sauko ka zaro ciyawar da hannu. Mafi haɗari shi ne injin yankan ciyawa mai manyan wuƙaƙe masu juyi. Ka doshi bakin rami ko shinge, ka taka kuloci ka taka birki, amma wuƙaƙen nan masu nauyi ba su daina juyi ba, sai juyinsu ya koma ta shaftin PTO ya shiga akwatin giya ya ci gaba da tura tayoyi gaba, inji ba ya ciki, ƙafarka na ƙasa, tarakta na tafiya. Duk mai amfani da irin waɗannan taraktoci da wannan na'ura, wajibi ne ya sa ɗan mahaɗin nan mai kama juyi ta fuska ɗaya a bakin shaftin, wanda ke barin wuƙaƙen su yi ta juyinsu su kaɗai.

PTO kansa tsohon abu ne, International Harvester ya fara sayar da shi tun 1918, an kuma daidaita saurinsa a wajen juyi 540 a 1927, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Cockshutt 30 ta Kanada ta fito da wanda ba ya tsayawa in an taka kuloci. Hanyoyi uku aka bi. Allis-Chalmers WD ta 1948 ta ƙara kuloci na hannu a bayan wurin da PTO yake rabuwa, ka ja shi tayoyi su tsaya, sauran su ci gaba. Ferguson 35 da Ford 660 da 860 sun yi amfani da kuloci mai hawa biyu, rabin taku ya saki tayoyi, taku har ƙasa ya saki PTO. Yana da arha, amma yana da nauyi a ƙafa kuma yana son daidaitawa a kai a kai. Ta ukun, wadda Oliver ya bi kuma daga baya kowa ya koma gare ta, ita ce a ja shafti na daban tun daga inji zuwa baya a ba shi nasa kulocin, babu ruwansa da ƙafar direba, kuma ita na fi yarda da ita. Jubilee ta 1953 rabin hanya ta tsaya: ta samu sabon inji mai lita 2.2 da bawul a sama mai doki wajen 31, an ɗauke famfon haidirolik an ɗora a jikin inji yana aiki muddin inji na juyi, amma PTO ɗinta na asali yana nan ɗaure da kuloci. Shari'ar da Ferguson ya kai Ford, wadda ta ƙare a 1952 da biyan dala miliyan 9.25, tana da hannu a sake fasalin haidirolik ɗin, don dole Ford ya bar wasu dabarun Ferguson.

Jerin Ferguson ma haka ya tafi. TE20, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a Coventry daga 1946 zuwa 1956, ta riga 8N samun giya huɗu, ta kuma fi ta da bawul a sama tun ranar farko, da injin Continental sannan na Standard, har dizal ya zo a 1951, amma bayanta bai rabu da matsalar kuloci ɗaya ba. A 35 ta 1956 ne aka samu giya shida gaba biyu baya, ta hanyar sa ƙaramar giya mai sama da ƙasa bayan guda uku na asali, tare da kuloci mai hawa biyu ga wanda ya biya. Sai dai injin dizal na Standard mai silinda huɗu da aka fara sa mata ya yi suna wajen ƙin tashi da sanyi. Da kamfanin Massey Ferguson ya sayi kamfanin ƙera inji na Perkins a 1959 aka sa mata mai silinda uku, ta zama wata tarakta dabam, duk da silindar ta ragu. A 135 kuma injin nan aka mayar mai fesa mai kai tsaye a kan fistin maimakon cikin ƙaramin ɗaki na gefe, ya ƙara saurin tashi da tattalin mai.

Saura sauya giya ana cikin ja. A akwatin giya na da, in garma ta shiga ƙasa mai tauri inji ya fara nishi, da ka taka kuloci tarakta ta tsaya cik, dole ka zaɓi giyar da za ta iya wuce wuri mafi tauri ka yi ta jan jiki da ita a duk gonar. International Harvester ya warware wannan a 1954 da Torque Amplifier a Farmall Super M-TA, wasu ƙananan giyoyi masu kewaya uwa a gaban akwatin, ka ja hannu gudu ya ragu da kusan sulusi, ƙarfin ja ya ƙaru da kusan rabi, ba tare da kuloci ba. Multi-Power na Massey Ferguson na 1962 ɗan'uwansa ne, kuma aibinsu ɗaya: a matakin ƙasa inji ba ya riƙe tarakta a gangare, sakin ta yake yi ta gangara da nauyin kayanta. Ford ya yi tsalle ya wuce kowa a 1959 da Select-O-Speed mai giya goma duk ana sauyawa ana tafiya, amma ya fitar da shi bai nuna ba, na farkon suka yi ta lalacewa. Injiniyansa Harold Brock, wanda bai yarda a fitar da shi a lokacin ba, ya koma John Deere, inda 4020 ta fito da giya takwas masu irin wannan aiki da suka tsaya da ƙafafunsu.

Babban darasin ɓangaren baya kuwa Farmall 560 ta 1958 ce ta bayar da shi. An sa mata sabon inji mai silinda shida mai doki wajen 60, aka bar giyoyin ƙarshe da boris na aksil waɗanda asalinsu na Farmall M ne ta 1939, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Bayan wani lokaci na aiki mai nauyi suka fara karyewa a gonaki, a 1959 kamfanin ya shiga gyaran dubban taraktoci da kuɗinsa, manoma da yawa kuma suka koma wajen John Deere daidai lokacin da yake fito da sababbin samfuransa. Maganin da ya zauna shi ne giyoyi masu kewaya uwa a ƙarshen aksil, irin na Massey Ferguson 65 da John Deere 4010, domin suna raba nauyi kan ƙananan giyoyi uku maimakon ya taru kan haƙori ɗaya, tare da makullin da ke ɗaure tayoyin baya biyu in ɗaya ta fara santsi. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar a cusa babban inji cikin ƙaramar tsohuwar tarakta in aiki za a yi da ita ba nuni ba.

In kana tsaye gaban biyu daga cikinsu kana so ka san wacce ce wacce, akwai gwajin da ba ya bukatar takarda. Ka tayar da inji, ka sa PTO, ka taka kuloci a hankali kana duban shaftin baya. In ya tsaya tun farkon taku, tsohon tsari ne, ko me aka rubuta a jikin bodi, kuma akwai 35 da yawa da aka sayar da kuloci mai hawa ɗaya. In ka ji ƙafarka ta ci karo da tauri a tsakiya, shaftin bai tsaya ba sai da ka danna har ƙasa, mai hawa biyu ne. Ka ja hannun ɗaga garma ƙafarka tana ƙasa ka ga ko hannayen baya sun motsa. In 35 ce mai dizal, ka ƙirga bututun da suka fito daga famfo zuwa nozul, uku Perkins ne, huɗu Standard, kuma in huɗu ne ka nemi a tayar maka da ita da sassafe, bayan ka dafa gangar injin da hannunka ka tabbatar ba a riga an ɗumama ta ba.